Ashe waya ma sai ta nemi takardun caja kafin ta yarda da ita

Satin da ya wuce ƙanwata ta shigo mini da wata caja a leda, irin faifan nan da ake ɗora waya a kai ta yi caji ba tare da an soka mata komai ba, ranta a ɓace. Wai Yaya dan Allah duba min ko cajar ce ko wayar ce, tun bayan azahar na ɗora har aka yi la'asar ko rabi ba ta kai ba, ga bayanta ya ɗau zafi kamar an ajiye ta a rana. Na karɓi kwalin na juya, an rubuta wat 15 da manyan baƙi, har da ɗan tambarin Qi, wato tsarin irin wannan cajin na ɗorawa, a gefe. Wayar kuwa sabuwa ce fil, ko wata biyu ba ta yi ba, kuma ta sha wahala kafin ta tara kuɗinta, shi ya sa hankalinta ya tashi tana ganin ko batirin ne ya zo da matsala.

Ina da ɗan mitan nan da ake sawa tsakanin adafta da kebul ya nuna maka wutar da ke wucewa. Na jona na ɗora wayar, abin bai wuce wat shida da ɗoriya ba, kuma wannan abin da ke shiga faifan ne, wanda ke isa batir bai kai haka ba don wani kaso yana tafiya a zafi. Na ɗauko tawa cajar da na daɗe da ita na ɗora wayar, da farko ita ma a hankali ta fara, bayan 'yan sakanni sai ga lamba ta haura sama ta ninka. To waɗannan 'yan sakannin su ne abin da nake so in yi magana a kai yau, don a cikinsu ne wayar take tsayar da cajar ta ce mata ke wace ce, ina takardunki, wa ya san ki. Kuma wallahi abin ya burge ni tun ranar da na fara fahimtarsa.

Bari in ɗan koma baya kaɗan. Cajin da babu kebul ba tsafi ba ne, tsohon ilimi ne tun 1831 da Michael Faraday ya nuna cewa in ka yi ta sauya ƙarfin maganaɗisu kusa da nannaɗaɗɗiyar wayar wuta to wuta za ta gudana a cikinta. Duk mai gyaran taransifoma ko rediyo ya san wannan. A cikin faifan akwai koyil, wato irin wannan nannaɗaɗɗiyar wayar wutar ta jan ƙarfe, a bayan wayarki ma akwai wani siriri, na ƙasa yana kaɗa maganaɗisu sau dubu ɗari da wani abu a sakan guda, na sama ya kama ya mayar da shi wuta. Ƙungiyar da ta tsara yadda za a yi wannan a tsakanin kamfanoni ita ce Wireless Power Consortium, WPC a taƙaice, an kafa ta a 2008, ta fitar da tsarin Qi na farko a 2010. Ci ake furta shi, kalmar Sinanci ce mai nufin kuzari ko numfashin rai. Nokia Lumia 920 ta zo da shi a 2012, Apple kuma sai a 2017 da iPhone 8 da X.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne waya da caja hira suke yi duk tsawon cajin. Ba Bluetooth ba ne, ba intanet ba ne, ta cikin wutar kanta suke magana. Wayar tana ɗan ƙara nauyin da take ja tana ragewa cikin sauri, cajar ta ji wannan motsin ta karanta shi a matsayin saƙo, kamar mutum biyu ne ke riƙe da igiya ɗaya, ɗaya yana ɗan fizga ɗayan yana ganewa. Ita kuma cajar in za ta amsa sai ta ɗan sauya saurin kaɗawar da take yi. Da haka wayar ke cewa ƙara, rage, ya isa haka, na cika ki tsaya, na yi zafi ki tsaya. Wato wayar ce ke ba da umarni, caja mai biyayya ce kawai. Toh in cajar ba ta da tarbiyya fa? In an ce rage ba ta rage ba?

Anan ne maganar ƙarfe ke shigowa. Maganaɗisun nan ba ruwansa da koyil ne ko ba koyil ba, duk ƙarfen da ya shiga tsakani zai ɗau zafi, makulli ne, fil ɗin mayafi ne, ko ɗan farantin ƙarfen nan da ake mannawa a bayan kes don waya ta maƙale a mota. Caja ta gaskiya dole ta iya gane baƙon ƙarfe, tana auna wutar da ta tura ta haɗa da abin da waya ta ce ya iso gare ta, in ta ga gibi ya yi yawa ta san wani abu na shan wutar a hanya sai ta kashe kanta. Lokacin da wat 5 kawai ake turawa haɗarin da sauƙi. Da aka zo 2015 aka buɗe hanyar wat 15 sai abin ya zama babba, don wutar da ta ninka sau uku in ta taru a kan ɗan ƙarfe ɗaya tana iya ƙona hannu, ta narka kes, ta dafa batir. Batirin litiyam kuwa ba abin da ya tsana irin zafi, mu da muke zaune inda a watan Afrilu ɗaki kansa yake haura digiri 40 ai ba sai an yi mana dogon bayani ba, wanda ya taɓa ganin batir ya kumbura ya ɗaga bayan waya ya sani.

Shekara da shekaru abin da ake dogara da shi tambari ne a jikin kwali. Kamfani ya kai cajarsa ɗakin gwaji, ta ci jarrabawa, a ba shi izinin buga tambarin Qi. To amma tambari ai tawada ce, duk mai injin buga kwali zai buga, kuma waya ba ta da idon karanta kwali. Ko da caja ta faɗa wa waya ni ta kamfani kaza ce, magana ce kawai, ta jabu ma za ta iya kwaikwayon wannan maganar harafi da harafi. Shi ya sa a farkon 2021 da aka fitar da Qi 1.3 aka ce duk cajar da ke son ba da wuta sama da wat 5 a wannan tsarin dole ta iya tabbatar da kanta ta hanyar lissafin sirri, ba da fatar baki ba.

Yadda abin yake ya yi mini kama da karɓar takardar shaidar ɗan gari. Ka je wajen mai unguwa ya sa hannu cewa ya san ka, dagaci ya sa hannu cewa ya san mai unguwar, hakimi ya buga hatimi a sama. Wanda zai karɓi takardar bai taɓa ganinka ba, mai yiwuwa ma bai san mai unguwarku ba, amma ya san hatimin hakimi, daga nan zai bi sarƙar ya sauko har kanka. A Qi matakai uku ne su ma. A sama akwai satifiket ɗin WPC, shi ne tushe, kuma waya ta riga ta san shi tun daga masana'anta. WPC ta sa hannu a satifiket ɗin kamfanin da ke ƙera caja, shi kuma kamfanin ya sa hannu a satifiket ɗin ita cajar, wannan guda ɗayar da ke kan teburinki, ba wai samfurin gaba ɗaya ba. Kowane faifai da nasa.

Amma takarda ai ana kwafarta ko? Ni ma tambayar da na fara yi kenan, me zai hana mai jabu ya sayi caja ta gaskiya ɗaya ya kwashe satifiket ɗinta ya zuba a dubu goma? Amsar ita ce mafi daɗi a duk labarin. Kowace caja tana da makulli biyu, lambobi ne dogaye masu alaƙa da juna, ɗaya na fili ɗaya na sirri. Na filin yana rubuce a cikin satifiket kowa ya gani ba komai. Na sirrin da shi ake sa hannu, kuma duk abin da aka sa wa hannu da shi, na filin zai iya tabbatar da cewa eh wannan hannun na gaske ne, amma ba za ka iya lissafo na sirrin daga na filin ba ko da ka tara kwamfutocin duniya suna aiki. Sai waya ta ƙirƙiri wata lamba ta bazata wadda ba ta taɓa amfani da ita ba, ta miƙa wa caja ta ce sa min hannu a kan wannan yanzun nan. Mai satifiket ɗin sata ba shi da makullin sirri, ba zai iya ba. Wanda ya naɗi amsar jiya ya zo zai maimaita shi ma bai ci ba, don tambayar yau daban ce. Kamar ka zo da takarda mai hatimi a ce to madalla, ga farar takarda buga mana hatimin a gabanmu mu gani.

Lissafin da ake amfani da shi sunansa ECDSA a kan wani lanƙwasasshen layi da ake kira P-256, tare da SHA-256 da ke dunƙule saƙo ya zama ɗan gajeren zanen yatsa. Neal Koblitz da Victor Miller ne suka kawo dabarar amfani da irin waɗannan layukan a 1985, kowa da kansa ba tare suka yi ba. Irin lissafin da ke tsare shafukan banki in ka buɗe a burauza kenan, ga shi yau a cikin faifan caja. Kuma an zaɓe shi ne don makullinsa gajere ne, sa hannun duka bait 64 ne (kowane bait bit takwas ne, bit kuma shi ne ma'aunin bayanai mafi ƙanƙanta), abin da ke da muhimmanci sosai tunda hanyar hirar nan a hankali take tafiya, ɓangaren waya bit dubu biyu ne kacal a sakan, ɓangaren caja ma bai kai haka ba. Shi ya sa ake ɗaukar 'yan sakanni, kuma kafin a gama wayar tana shan wuta kaɗan kaɗan tana jira. Akwai ma wata dabara, waya takan fara neman gajeren zanen yatsan takardun, in ta ga ta taɓa tantance su a baya ba sai an sake karanto mata duka ba, sai a wuce kai tsaye wajen sa hannu.

Shi makullin sirrin ba a yarda a ajiye shi a ma'ajiyar aisi, wato cif ɗin da ke sarrafa cajar, na gama-gari ba inda mai wayo zai jona na'ura ya zuƙe. Dole sai a cikin wani ɗan cif na musamman mai tsaro, ana saka makullin tun a masana'anta a ɗaki mai kulle, kuma ba ya fitowa har abada, tambaya ce ke shiga amsa ta fito. Infineon suna yin wani mai suna OPTIGA Trust Charge don wannan aikin kawai, Microchip da STMicroelectronics su ma suna da nasu. Ɗan abu ne da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

Na kwance cajar ƙanwar tawa, sukurori huɗu ne a ƙarƙashin robar ƙasa. Koyil ɗin siriri an manna shi da gam a karkace, aisi guda ɗaya an kankare lambar da ke kansa da gangan, ba ko ɗan abin auna zafi a kusa da koyil ɗin. Na shiga shafin WPC inda suke da rajistar duk kayan da suka ci gwaji, kowa na iya dubawa kyauta, na nemi sunan da ke kwalin sama da ƙasa babu shi. Cajar da ba ta cikin rajista kuwa ba ta da inda za ta samu satifiket. Don haka wayar ba ta lalace ba, aikinta ta yi, ta tambaya ba a ba ta amsa ba sai ta tsaya a wat 5. Na ce mata ke wayarki ta fi ki tsoron cajar nan ne kawai, kuma tana da gaskiya.

Sai na yi wani ɗan gwaji a gabanta don ta gani da idonta, kar wani ya gwada a gida dan Allah. Na sa ƙaramin washa na ƙarfe a kan faifan na ɗora wata tsohuwar waya da nake gwaji da ita a sama. A tawa cajar fitila ta fara ƙyaftawa, caji ya tsaya cak. A tata kuwa ko a jikinta, ci gaba ta yi, bayan kamar minti biyu na ɗaga wayar na taɓa washan da ɗan yatsa sai da na janye da sauri. A wat 5 fa kenan. Ta yi shiru can ta ce Yaya ni fa a kan katifa nake ɗora ta in kwanta, kusa da filon yarinya. Wannan maganar ta tsaya min a rai har yanzu.

Yanzu kuma ga inda nake so mu yi hattara, don kar a ɗauka tunda an ce lissafin sirri shikenan an gama. Tantancewar nan abu ɗaya take tabbatarwa, cewa cajar ta fito daga gidan da aka sani kuma irinta ta ci gwaji. Waya ce ke tantance caja, caja ba ta tantance waya. Sannan sauran hirar ta ƙara, rage, tsaya, a fili take tafiya ba a kulle ba kuma ba sa hannu a kanta. A farkon 2024 wasu masu bincike daga Jami'ar Florida a Amurka tare da kamfanin CertiK suka fitar da wani aiki da suka kira VoltSchemer, sun gwada caja tara da ake sayarwa a kasuwa. Ba su buɗe caja ba, ba su taɓa waya ba, wata 'yar na'ura kawai suka saƙala ta ɓangaren adafta tana girgiza wutar da ke shiga faifan daidai yadda cajar za ta ɗauka waya ce ke mata magana. Da haka suka danne muryar wayar lokacin da take cewa na yi zafi ki tsaya, suka riƙa cewa ƙara a madadinta, har wata waya ta kai wajen digiri 81. Suka yaudari caja ta tura wuta alhali ba waya a kai, kilif ɗin takarda ya kai digiri 280, rimot ɗin mota batirinsa ya fashe, filash ya lalace da abin da ke cikinsa. Har umarnin murya da kunne ba ya ji suka tura wa manhajar da ke karɓar umarnin murya a waya ta hanyar maganaɗisun.

A ɗakin bincike aka yi wannan, kuma sai mutum ya samu damar saka na'urarsa a layin wutarka tukuna, don haka ba ina cewa a firgita ba ne. Abin da na ɗauka a ciki shi ne adafta da kebul su ma suna cikin lissafi. Mu nan mun saba mu sayi abu mai tsada mu haɗa shi da adaftar da aka tsinta a durowa, ga wutar janareto mai hawa da sauka. Kuma ina ganin lokaci ya yi da masu tsara Qi za su kai sa hannun nan har kan saƙonnin umarni, ko da na tsaya ɗin ne kawai, don a ganina saƙon da ya fi kowanne cancantar a tsare shi shi ne wanda waya ke cewa zafi ya yi min yawa. Na san hanyar a ƙuntace take kuma kowane bait yana cin lokaci, amma wutar ƙaruwa take yi. Qi2 da aka sanar a Janairun 2023, wanda aka gina a kan zoben maganaɗisun MagSafe da Apple ta kawo a iPhone 12 a 2020, ya zo da wat 15 da tantancewa a cikinsa, a 2025 kuma aka kai shi wat 25.

Akwai wani ɓangare da ke damuna, kuɗi. Shiga ƙungiya kuɗi ne, gwaji kuɗi ne, cif ɗin tsaro kuɗi ne, a ƙarshe mai saye ne zai biya, kuma mutumin da ke lissafin kuɗin cefane ba za ka ce masa ya ninka kuɗin caja don wani satifiket da ba ya gani ba. Na fahimci wannan sosai. Ga masu tsofaffin wayoyi kuma da ba su san tambayar takardu ba, su duk abin da aka ba su sha za su yi, su ne ma suka fi zama cikin haɗari. Abin da nake faɗa wa mutane shi ne in kuɗin caja ta gaskiya bai samu ba to kebul mai kyau ya fi faifan jabu sau goma, ya fi sauri, bai kai shi zafi ba, kuma ba ya zubar da wuta kamarsa, wanda ke caji da fawa banki ko sola ya san darajar wannan. Cajin ɗorawa daɗi ne da sauƙi, yana kuma hutar da bakin cajin waya da ke yawan lalacewa da ƙura, amma ba dole ba ne.

In kuma za a saya, a duba sunan da lambar samfurin a rajistar WPC tun ana tsaye a shagon, minti ɗaya ne. Mai shagon ma sau da yawa bai sani ba, shi ma kwali ya gani ya saro, don haka ba abin faɗa ba ne, a nuna masa kawai. A cire duk wani ƙarfe daga bayan kes, katin banki ma kar a bar shi a tsakani. A ɗora a kan tebur ko dandamali mai tauri inda iska ke wucewa.

Ƙanwata ta ce za ta mayar ta karɓo kuɗinta, na ce ai na riga na kwance ta ba za su karɓa ba, ki bar min ita in cire koyil ɗin, ni zan cika miki ki sayi wata. Jiya da yamma muka je tare, sai a shago na uku muka samu wadda sunanta ya fito a rajista. Tun a wajen na jona mitan na ce ɗora ki ƙirga, ta ɗora tana kallon lambar, ta kai bakwai tana shirin cewa takwas sai ga ta ta haura.